Hoto A Gaban Alƙali

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma tun da hoto ya shigo ƙasar nan mutane suka jingina masa karin maganar nan, har ya zama in gardama ta yi tsawo aka fito da hoto sai kowa ya yi shiru. To, amma duk wanda ya taɓa zama kotun alƙali, ko da a bakin ƙofa ne, ya san ba a karɓar maganar mai shaida don kawai ya ce ya gani. Sai an tambayi ko wane ne shi, ina ya tsaya sa'ad da abin ya faru, mene ne tsakaninsa da mai ƙara. In alƙali bai san shi ba sai a nemo waɗanda za su yi masa tazkiya, su ce adali ne, sa'an nan kafin a yanke hukunci a yi wa wanda a ke ƙara i'izari, a ji ko yana da suka. Abin da na ke so mu duba a nan shi ne yadda waɗansu masana na Turai da Amurka suka zaunar da hoto gabansu suka yi masa irin wannan bincike, da inda na ke ganin sun dace, da inda suka zarce.

Bari mu fara da asalinsa, don ba a yi wa mutum tazkiya sai an san gidansu. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin Kitabul Manazir yadda haske kan bi ta 'yar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya kai surar abin da ke waje ya ɗora a bango. Abin da ya gagari mutane ƙarni bayan ƙarni shi ne dabarar da za a kama surar nan a tsare ta. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, shi ne ya dace, a 1826 ko 1827. Ya shafa wani irin kwalta a farantin kuza, ya sa cikin akwati, ya ajiye a tagar gidansa, ya bar shi yana kallon rufin ɗakuna sa'a takwas ko fiye. Rana ta taso ta gabas ta karkata yamma farantin na nan yana kallo, sai hoton ya fito da haske a ɓangarorin gini duka biyu. Watau hoton da ya fi kowane tsufa a duniya ya nuna abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba.

Bayan mutuwar Niépce a 1833 abokin aikinsa Louis Daguerre ya ci gaba, har ya sami hanyar da ta fi sauri, a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Gwamnatin Faransa ta sayi sirrin, ta yanka masa fansho shi da ɗan Niépce, aka bayyana wa duniya ran 19 ga Agusta, 1839. Cikin hotunan da Daguerre ya ɗauka kafin wannan rana akwai ɗaya, na 1838, wanda na ke so mai karatu ya riƙe da kyau. Hoton wani babban titi ne na birnin Faris mai suna Boulevard du Temple, ya ɗauko shi daga tagar bene. Titin nan wurin hada-hada ne, ga kekunan doki ga masu tafiya a ƙasa, amma a hoto sai ka gan shi wayam, kamar garin da annoba ta share. Dalili kuwa, farantin na bukatar minti da yawa kafin sura ta kama, duk abin da ke motsi sai ya wuce bai bar alama ba. Mutum guda ne ya fito sosai, can ƙasa wajen kusurwa, ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, daga shi sai dishi-dishin mai goge masa. To, a ce an kawo hoton nan gaban alƙali an tambaye shi, mutum nawa ne a titin nan? Zai ce biyu. Bai yi ƙarya ba, abin da ya kama ke nan, ba kuwa wanda ya taɓa farantin da hannu. Amma wanda ya yanke hukunci da maganarsa ya shafe duk jama'ar da ta wuce.

Mutanen farko ba su tsaya kan wannan ba, murna ta ɗauke musu hankali. A Ingila, William Henry Fox Talbot, wanda ya gano hanyar ɗaukar hoto a takarda yadda za a wanke da yawa daga guda ɗaya, ya fara fitar da wani littafi a 1844, ya ba shi suna mai nufin halitta ce da kanta ke riƙe da alƙalamin zane. A ciki ya sa hoton tangaran da aka jera, ya ce in ɓarawo ya sace su ana iya kai hoton kotu ya tsaya shaida a kansa, ko da ya ke ba shi da baki. Kun ga ashe tun hoto na ɗan shekara biyar aka fara yi masa sammaci. Hujjar Talbot ita ce ba hannun mutum a ciki. Da irin wannan hujja ce kuma Shaihu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, wanda ya yi muftin Masar ya rasu a 1935, ya halatta hoto sa'ad da a ke gardama ko yana cikin surorin da aka hana. Ya ce tsare inuwa ne kurum, kamar abin da madubi ke nunawa, ba ƙaga halitta ba ne. Hukuncin wannan fagen malamai ne, na bar musu. Abin da ya dame ni shi ne jama'a sun ji an ce ba hannu, suka ɗauka ba niyya.

Alhali kuwa tun kafin littafin Talbot ya fito an riga an yi shaidar zur da hoto. Hippolyte Bayard, wani akawu na ma'aikatar kuɗi ta Faransa, ya gano tasa hanyar, amma gwamnati ta ba Daguerre girma, shi ta sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. A 1840 ya tuɓe riga, ya jingina, ya rufe ido, ya ɗauki hoton kansa kamar gawar da aka tsamo daga kogi. Ya rubuta a baya cewa wannan gawar Bayard ce, baƙin ciki ya sa ya faɗa ruwa, a dubi fuskarsa da hannuwansa har sun fara ruɓewa. Baƙin da suka yi kuwa rana ce ta ƙona su. Mutumin nan bai mutu ba sai a 1887.

Wasan Bayard mai sauƙin ganewa ne. Wanda ya fi wuya shi ne na Roger Fenton, Baturen Ingila da ya tafi yaƙin Kirimiya a 1855, inda Ingila da Faransa da Turkiyya suka taru kan Rasha. Ya komo da hotuna wajen 360, na hafsoshi da tantuna da dawaki da jiragen ruwa, babu gawa ko ɗaya, alhali yaƙi ne da cuta da sanyi suka kashe sojoji dubbai. Mafi shahara cikinsu hoton wani kwari ne da hanya ta ratsa, ba mutum ba dabba, sai dunƙulen harsasan igwa. Ashe sau biyu ya ɗauka, rana ɗaya, daga wuri ɗaya. A ɗaya harsasan na cikin lambatu a gefe, a ɗayan an warwatsa waɗansu a kan hanyar. An daɗe ana gardamar wanne ne na fari. A 2007 wani mai shirya fim na Amurka, Errol Morris, ya tafi har wurin, ya nemi taimakon masu bincike, daga ƙarshe 'yan duwatsun gefen tudu ne suka raba gardama, don sun gangaro kaɗan tsakanin hoto da hoto, dutse kuwa ba ya gangarawa sama. Haka aka gane hanya ta fara zama fayau, daga baya aka ɗora mata harsasai. Binciken nan ya burge ni, tazkiya ce ta gaske. Amma a ganina ɗora 'yan harsasai a hanya ƙaramin laifi ne in an gwada da gawawwakin da ba a ɗauka ba. Na farko duwatsu sun tona shi. Na biyu ba dutsen da zai tona shi, domin abin da aka bari wajen hoto ba ya barin sawu a cikinsa.

Cikin waɗanda suka yi wa al'amarin nan tunani mai zurfi akwai Walter Benjamin, wani Bayahude ɗan Jamus, wanda ya rubuta gajeren tarihin hoto a 1931, da wata maƙala da aka buga a 1936. Maganarsa da aka fi yawan ambata ita ce, abin da aka yi da hannu guda ɗaya ne tak, yana wuri ɗaya, sai an yi tattaki a gan shi, don haka yana da wani kwarjini, amma da inji ya fara fitar da irinsa dubu sai kwarjinin ya tafi. Wanda ya taɓa riƙe littafin da kakansa ya kwafa da tawada da alƙalamin kara, sa'an nan ya riƙe bugunsa na kanti, ya san abin da ya ke nufi. Ni dai wata maganarsa ce ta fi mini amfani. Ya dubi hotunan Eugène Atget, wani dattijo da ya yi shekaru yana ɗaukar titunan Faris ba kowa a cikinsu, ya ce sun yi kama da wurin da aka aikata laifi aka zo ɗauka don neman hujja, ya ce kuma daga nan gaba hoto ba zai tsaya ba sai da rubutu a ƙarƙashinsa. Lalle haka ne. Hoto bebe ne, rubutun da ke ƙarƙashinsa shi ne tafinta, mu kuwa mun ji labarin abin da tafintoci suka yi tsakanin Bature da talakawa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen mutanen Turai ne. A watan Yuni na 2018, sa'ad da rikici ya tashi a jihar Filato, aka yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, ana cewa ga abin da a ke yi wa mutanenmu yanzu-yanzu. Da 'yan jaridar BBC suka bi sawu sai suka tarar ɗaya daga ciki, hoton bidiyo ne, a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Mutumin da ke ciki na gaske ne, rauninsa na gaske ne, tafinta ne ya sauya masa gari da shekara. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan nan na cikin abin da ya rura wutar ramuwa, aka tare hanya aka kashe matafiya.

Bayan tafinta sai mai ajiya. A 1879 wani saurayi, Alphonse Bertillon, ya kama aikin akawu a ofishin 'yan sandan Faris, yana kwafar bayanan waɗanda aka kama. Ya ga hotuna sun taru tuli, ba mai iya nemo kowa a ciki, sai ya tsara ƙa'ida: a auna jikin mutum, a ɗauke shi sau biyu, ta gaba da ta gefe, a liƙa a kati, a jera katin yadda za a same shi. Wani masani na Amurka, Allan Sekula, ya ɗauki labarin nan a wata maƙala ta 1986, ya ce hoton mutum fuska biyu gare shi, ana girmama mutum da shi ana kuma tsare mutum da shi, ya ce a wannan aiki na biyu akwatin fayil ya fi akwatin ɗaukar hoto muhimmanci. Wanda ya yi aikin takardu ba zai musa ba. Takarda ba ta da ƙarfi sai ta shiga fayil, wanda ya buɗe fayil kuwa ya sa masa suna ya riga ya faɗi abin da za a karanta a ciki. Haka Turawa suka yi da hotunan mutanen Afirka. Edmond Fortier, wanda ke zaune a Dakar a farkon ƙarni na 20, ya buga katunan hoto dubbai ana aikawa da su Turai, a ƙarƙashin matan da ke ciki galibi ba suna, sai a ce mace ta ƙabila kaza, kamar yadda a ke sa wa tsuntsu suna a littafin makaranta.

Duk da haka ban yarda da masu cewa kyamara idon mai mulki ce kawai ba. A 1897, bayan Ingilishi sun ci Bini, aka ɗauki hoton Oba Ovonramwen cikin jirgin ruwan da zai kai shi Kalaba, inda ya zauna har ya rasu a 1914. Hoton ya yaɗu a matsayin shaidar nasara. Sunan mai ɗauka J. A. Green, an daɗe ana zaton Bature ne, ashe Jonathan Adagogo Green ne, mutumin Bonny. Sarkin na hannun baƙi, amma ɗan ƙasa ne ke bayan akwatin, kuma wanda ya duba zai ga Oba ya zauna zaman sarauta. Yau da hoton nan ne mutanen Bini ke tunawa da kamannin sarkinsu.

Inda na ke ganin an zarce sosai shi ne wajen Susan Sontag, marubuciyar Amurka, cikin littafinta a kan hoto na 1977. Ta ce ɗaukar hoton mutum wani irin mallaka ne, ta ce kuma yawan ganin hotunan bala'i na dakushe tausayi, har ido ya saba zuciya ta daina motsi. Magana ce mai daɗin ji, ta kuwa yaɗu ƙwarai. Amma ga abin da ya faru a Kwango. A 1904, lokacin da ƙasar ke hannun Sarki Leopold na Beljiyam kamar gonarsa, wani mutum mai suna Nsala ya zo tashar mishan ta Baringa da hannu da ƙafar 'yarsa 'yar shekara biyar, wadda dogaran kamfanin roba suka kashe don ƙauyensu bai cika awon da aka ɗora masa ba. Matar mishan ɗin, Alice Seeley Harris, ta ɗauke shi zaune yana duban su. Ita da mijinta suka zaga Ingila da Amurka suna haska hotunan nan a bango gaban jama'a, hayaniya ta yi yawa, a 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun sarki. Hoton nan bai dakushe tausayin kowa ba. Abin lura kuwa, bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da sunan mutum, da sunan gari, da sunan kamfani, da wadda ta ɗauka tsaye ana iya yi mata tambaya, watau ya zo da masu tazkiyarsa. Ita ma Sontag, a littafinta na 2003, shekara guda kafin mutuwarta, ta komo ta tuhumi maganarta ta farko, wannan kuwa halin malami ne na ƙwarai.

Wanda ya fi su duka taƙaita da'awa shi ne Roland Barthes, Bafaranshe, a littafinsa na 1980. Uwarsa ta rasu a 1977, ya zauna yana tonon hotunanta yana nemanta, bai same ta ba sai a wani da aka ɗauke ta tana 'yar shekara biyar. Ya yi ta bayaninsa, amma ya ƙi buga shi cikin littafin, don a wurinmu wata yarinya ce kawai. Daga nan ya fitar da cewa abu ɗaya ne hoto ke iya rantsuwa a kai, shi ne wannan abu ya taɓa tsayawa gaban kyamara, haskensa ya taɓa fim. Dalili, da niyya, da abin da ya biyo baya, duk ba nasa ba ne. A ganina wannan ita ce iyakar shaidar da ya kamata a karɓa daga hoto, kamar mai shaidar da ya ce na ga wane a kasuwa, ba a tambayarsa abin da ke cikin aljihun wane. Sai dai ita ma rantsuwar nan guda yanzu ta shiga tuhuma, tun da ya ke kwamfuta na iya ƙaga sura ba tare da wani abu ya tsaya gaban kome ba. A watan Maris na 2023 aka yaɗa hoton Paparoma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi, mutane da yawa suka gaskata, alhali ba rigar, ba a kuwa ɗauki kowa ba. Irin wannan ko hujjar Shaihu Bahit ba ta hau kansa, domin ba inuwar da aka tsare.

Akwai wani abu da masanan nan ba su ba shi haƙƙinsa ba, shi ne mutumin da ya je da ƙafarsa ya biya kuɗi a ɗauke shi. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya yi aiki har 1962, sa'ad da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur da mota, ya rataya zane mai ado a baya, mai so ya zaɓi abin da zai riƙe. In an bi ƙa'idar Talbot, mutumin da ya dafa rediyon da ba nasa ba ya yi ƙarya. Amma shi da mai ɗauka da dangin da za a aika wa duk sun san rediyon na aro ne, ba wanda aka ruɗa. Abin da hoton ke shaidawa shi ne yadda mutumin ya so a gan shi a wannan shekara, wannan ma labari ne da ba a samunsa a fayil. Matar da ke katin Fortier an ce mata tsaya nan. Matar da ke hoton Keïta ita ta zaɓi ɗaurin kallabinta, ta kishingiɗa yadda ta ga dama, ta tafi da hotonta gida.

A 1991 aka nuna waɗansu hotunan Keïta a wani baje kolin zane-zanen Afirka a birnin Niyok, aka rubuta a ƙarƙashi cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali yana nan da ransa a Bamako, fina-finansa dubbai na ajiye. Wani Bafaranshe mai nemo kayan zane, André Magnin, ya tafi Bamako da kwafin hotunan, ya nuna wa Malick Sidibé, wani mai ɗaukar hoto na garin, nan take ya ce aikin Keïta ne, ya kwatanta masa gidan. Hotunan da a da a ke wankewa kamar faɗin tafin hannu aka koma wanke su manya-manya ana ratayawa a Faris da Landan, har Keïta ya rasu a 2001 yana sananne a duniya. Sunansa ya komo ƙarƙashin hotunan. Na waɗanda suka biya kuɗi suka zauna kuwa bai rubuta ba tun farko, saboda haka a bangon gidajen nuni galibinsu ba su da suna, sai shekarar da a ke zaton an ɗauka.